Mutum zai iya rantsuwa a kan abin da bai faru ba, kuma ba ƙarya yake yi ba?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani su warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai. Lokacin da mahaifinmu yake jinyar ajali, ni da yayana muna zaune a gefensa, sai ya yi maganar buhu biyu na gero tsakaninsa da wani maƙwabcinmu. Abin da ni na ji da kunnena, maƙwabcin ne ya ci bashin, Baba yake binsa. Yaya kuwa ya ce sam, Baba cewa ya yi shi ake bi, a biya kafin a taɓa gado. An daɗe ba a tada zancen ba sai yanzu da aka zo sayar da gona, maƙwabcin ma ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma ba su san komai ba. Ni har yanzu ɗakin nan yana idona, har launin bargon da Baba ya rufa da shi. Yaya ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, ni ma zan iya dafawa. Kuma wallahi Yaya ba maƙaryaci ba ne, maganar tasa ma shi za ta ci, tunda daga kasonsa kuɗin za su fi fita. To ta yaya mutum biyu za su ji magana ɗaya, kowa ya tashi da kishiyar ta ɗan'uwansa?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba. Maganar ba ta da tsawo: ko dai ɗayanku bai ji da kyau ba, ko akwai mai wata manufa. Abin da ido ya gani kunne ya ji ba ya sauyawa. Ni tun ina yaron shago nake kasuwa, ban taɓa manta wanda nake bi ba.

Zee: Wanda kake bi kam ai ba za ka manta ba Alhaji. Wanda yake binka fa? 😂

Malam Nura: Amin wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya gafarta wa Baba. Amsar tambayarki ita ce e, yana yiwuwa sarai, kuma ba sai an samu maƙaryaci a tsakaninku ba. Wannan fannin na yadda ƙwaƙwalwa take tunawa nake koyarwa, don haka a yi mini haƙuri idan na ɗan ja zancen.

Yawancinmu mun ɗauka abin da ya faru yana shiga kai ya zauna cif yadda yake, duk ranar da aka buƙace shi a ɗauko. Ba haka abin yake ba. Abin da ƙwaƙwalwa take ajiyewa gutsattsari ne: ɗan sauti, ɗan hoto, yadda zuciya ta ji, da jigon maganar. Duk lokacin da mutum ya tuna, harhaɗa su yake yi sabo, inda ya samu giɓi kuma ya cike da abin da ya saba gani ko abin da ya ji daga baya, ba tare da ya san ya cike ba. Kamar gidan ƙasa ne da ake yi wa yaɓe duk shekara: gidan na nan a inda yake, amma ƙasar da kake gani a jikin bango ba ta ranar da aka gina shi ba ce.

Wani Bature mai suna Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna wannan tun a 1932. Ya ba ɗalibansa wata tatsuniya ta asalin mazauna Amurka wadda ba su saba da irinta ba, ya riƙa sa su maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Tatsuniyar ta riƙa gajarta, abubuwan da suka zo musu baƙi suka riƙa ɓacewa ko rikiɗa zuwa abin da Bature ya sani. Babu wanda ya yi niyyar sauya komai a cikinsu.

Ki duba maganar Baba. Gutsattsarin da ku biyun kuka riƙe iri ɗaya ne: gero, buhu biyu, maƙwabci, bashi. Inda kuka rabu shi ne wa ke bin wa, wato 'yar kalma ɗaya daga bakin marar lafiya mai magana ƙasa-ƙasa, a gaban 'ya'yan da hankalinsu ke tashe. Wurin nan ne ya fi ko'ina saurin zama giɓi.

Maman Sadiq: Malam na gode. Amma fa ni ba wai dishi-dishi nake tunawa ba. Tar nake ganin komai.

Malam Nura: Na yarda da ke Hajiya, kuma nan ne abin yake da ban tsoro. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa, mutum 7 suka mutu. Washegari wani malami a Jami'ar Emory, Ulric Neisser, ya sa ɗalibai su rubuta inda suke da suka ji labarin, wa ya gaya musu, me suke yi. Bayan kimanin shekara biyu da rabi aka nemo 44 daga cikinsu aka sake yi musu tambayoyin. Kusan ɗaya cikin huɗu babu abu ko guda da ya dace da abin da suka rubuta da farko. Wanda ya ji a aji ya koma cewa a ɗakinsa ya gani a talabijin. Duk da haka yawancinsu sun ce suna da cikakken tabbaci. Da aka nuna musu takardunsu, sun yarda rubutun hannunsu ne, amma tsohon tunanin bai dawo ba, sabon ne dai suke gani a ransu.

An sake irin wannan gwajin a Jami'ar Duke bayan harin 11 ga Satumban 2001, aka kwatanta tuna ranar harin da tuna wani abu na yau da kullum. Duka biyun sun riƙa zaizayewa daidai wa daida. Abin da ya bambanta kawai shi ne na ranar harin mutane sun ci gaba da jin suna ganinsa tar. Tashin hankali yana ƙara wa mutum yaƙini, bai cika ƙara masa daidaito ba.

Ɗan Kurmi: Malam, duk misalanka na Turawa ne, mutanen da ko lambar matarsu sai sun duba waya. Mu nan muna da yaron da bai kai shekara 15 ba ya haddace izu 60 babu wasali ɗaya da ya goce. Ina yaɓen yake a nan? Kada a zo a ruɗa mana mutane, gobe kowa ya ci bashi ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta cike giɓi.

Alaramma Mai Allo: Alhaji, tunda ka taɓo gonarmu bari in sa baki. Hujjar da ka kawo ba taka ba ce, ta Malam Nura ce.

Wanda bai yi hadda ba shi yake zaton ana zuba ta ne a kai a rufe. Tambayi kowane gardi. Ba a wanke allo sai yaro ya kawo abin da ke kai ba tare da ya kalla ba, kuma ko an wanke ba a rabu da shi ba, gobe akwai tilawar baya, jibi ma haka. Mahaddacin da ya yi wata biyu bai yi tilawa ba, ka sa shi gaba a tarawihi ka ji yadda zai riƙa tsalle daga sura zuwa sura. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya yi umarni a riƙa bibiyar Alƙur'ani, ya ce ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Kuma inda muke zamewa sananne ne, wuraren da ayoyi suka yi kama. A Baƙara aya ta 58 an fara ambaton shiga ƙofa da sujada sannan faɗin "hiɗɗatun", a A'arafi aya ta 161 kuma "hiɗɗatun" ce ta riga. Ka ga kalmomin duk suna kai, jerin ne yake juyawa, irin dai abin da ya samu Hajiya da yayanta. Bambancinmu da su shi ne mu muna da Mus'hafi da za mu koma mu duba, muna da malami, muna da wanda zai tsaya bayan liman ya yi masa gyara. Maganar Baba kuwa sau ɗaya aka faɗe ta, ba a rubuta ba, babu wanda ya ƙara jin ta daga bakinsa.

Zee: Allah ya gafarta Malam, wannan bayani ya yi.

Alaramma Mai Allo: Ban gama ba 'yata. Malaman hadisi sun riga kowa raba wannan gardama. Sharaɗi biyu suke nema ga mai ruwaya, kuma ba su taɓa cakuɗa su ba: adalci, wato ba ya ƙarya, da kuma kiyayewa, wato abin da ya ji shi yake fitarwa. Za ka ga sun ce wane mai gaskiya ne amma haddarsa ba ta da kyau. Akwai waɗanda suka ce sun rikice a ƙarshen rayuwa, irin su Aɗa'u ɗan Sa'ib, sai a karɓi abin da irin su Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ji daga gare shi tun da wuri, a yi taka-tsantsan da na baya. Kuma sun san kiyayewa iri biyu ce, ta ƙirji da ta littafi.

Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka kawo mata wata ruwaya ta Abdullahi ɗan Umar a kan kukan da ake yi wa mamaci, sai ta nema masa gafara ta ce bai yi ƙarya ba, sai dai ya manta ko ya yi kuskure. Haka Ammar ɗan Yasir ya tuna wa Sayyadina Umar wata tafiya da suka yi tare wadda a kanta Manzon Allah ya koya wa Ammar yadda ake taimama, Umar bai tuna ba. Waɗannan sahabbai ne. To Hajiya, kada ki bari Shaiɗan ya sa ki ɗauki yayanki maƙaryaci, shi ma kada ya ɗauke ki. Kuma ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta zo a kan rubuta bashi.

Ɗan Kurmi: Allah ya gafarta Malam, ni ba zan ja da kai ba. Amma dai har yanzu na ce akwai masu fakewa da mantuwa.

Barista Hauwa: Akwai su Alhaji, kullum muna ganinsu, kuma maƙaryaci bai fi ba ni wahala ba, don shi idan aka juya masa tambaya sau uku yakan yi tuntuɓe. Wanda ya fi haɗari shi ne shaida mai gaskiya da ya yi kuskure, domin zai yi kuka, zai rantse, kuma duk wanda ke zaune a kotun zai gaskata shi.

Abin da ya kamata 'yan sanda da lauyoyi da masu sasanci su sani shi ne tambaya kanta tana iya sauya abin da shaida ya tuna. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Waɗanda aka ce wa "lokacin da motocin suka ragargaji juna" sun ƙiyasta sama da mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa "lokacin da suka taɓa juna" suka ce kusan mil 32. Fim ɗaya fa suka kalla. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin, amma 16 cikin 50 na waɗanda suka ji kalmar ragargaza sun ce sun gani, a rukunin da aka ce wa motocin sun "bugi juna" kuma 7 cikin 50.

Ga wanda ya fi taɓa ni. A 1984 a jihar North Carolina wani ya shiga ɗakin wata ɗaliba, Jennifer Thompson, ya yi mata fyaɗe. Ta ce da gangan ta riƙa ƙare wa fuskarsa kallo don ta gane shi. Ta nuna wani mai suna Ronald Cotton, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Da aka sake shari'ar a 1987 aka kawo ainihin wanda ya aikata, Bobby Poole, gabanta, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya wanke Cotton, bayan ya shafe sama da shekara 10 a kurkuku. Ba ƙarya ta yi ba, fuskar Cotton ce ta maye gurbin ta mai laifin a kanta. A cikin mutanen da DNA ya wanke a Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 akwai kuskuren shaidar gani da ido a shari'arsu.

Malam Nura: Barista, na yarda da duk abin da kika kawo, amma bari in ɗan ja birki kada mutane su tashi da cewa shaida ba shi da amfani kwata-kwata. Binciken baya-bayan nan, musamman na John Wixted da Gary Wells, ya nuna tabbacin da shaida ya nuna a karon farko, kafin kowa ya sa masa baki, yana da nauyi sosai. Ita kanta Thompson da aka fara nuna mata hotuna sai da ta daɗe tana jinkiri kafin ta zaɓa. Tabbacin ya ƙaru ne daga baya, da aka nuna mata ta yi daidai, aka sake nuna mata mutumin a jere da wasu mutane, har aka je kotu. Don haka abin tambaya ba yadda mutum yake da yaƙini yau ba ne, me ya faɗa a ranar farko.

Barista Hauwa: Ba mu saɓa ba Malam. Matsalar ita ce a wajenmu ranar farkon ce ba a rubutawa. Kafin a kai ga ɗaukar bayani duk unguwa ta tattauna zancen a majalisa, kowa ya ari na wani.

Hajiya, ga shawara ta aiki. Ki tuna wa kika fara ba labarin a makon rasuwar, shi ma Yaya haka. Wataƙila Inna, wataƙila wani kawu. A tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kada a tara su wuri guda, kuma kada a ce "ko kin tuna Baba ya ce yana bin wane gero?" A ce kawai "me kika sani tsakanin Baba da wane?" a yi shiru a saurara. A kuma duba ko Baba yana da littafin da yake rubuce-rubuce, ko da ajami ne.

Maman Sadiq: Barista Allah ya saka. Akwai ƙanwar Baba da ta kwana da mu a daren, ban taɓa tunanin tambayarta ba. Kuma akwai wata jakar fata ta Baba da takardu a ciki wajen Inna. Zan kira Yaya yau, wallahi har na ji nauyin maganganun da na gaya masa.

Alaramma Mai Allo: Madalla. Idan kuma ba a samu komai ba, ku je wa malamin da ya san hukuncin gado da kanku, kada a yanke a nan.

Zee: Tunda an kashe wannan wutar, Malam Nura ni tawa matsalar daban ce. Ina kwana ina karatu, in karanta handout sau huɗu har in ji kamar ni na rubuta shi, in shiga jarabawa kai ya zama fanko. Asiri ne ko me? 😭

Malam Nura: Ba asiri ba ne ƙanwata, hanyar ce ba ta da kyau, kuma kusan duk ɗalibaina ita suke bi.

Farko dai mantuwa tana da saurin farawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage. Cikin awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, daga nan zubewar ta lafa, bayan wata guda akwai kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Abu mai ma'ana ba ya zubewa da wannan saurin, amma siffar ɗaya ce: asarar farko ita ce babba. Shi ne kuma ya lura cewa maimaici da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya.

Na biyu shi ne ainihin ciwonki. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi har zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba, sun tuna kashi 83 cikin 100, masu gwada kansu kuma 71. Bayan mako guda lissafin ya juye: masu maimaita karatu 40, masu gwada kansu 61. Kuma masu maimaita karatun su suka fi cewa za su tuna. Idan kin karanta abu sau huɗu idonki ne ya saba da shi, sai ki ɗauka kin iya. Jarabawa kuwa ba ta tambayar ko kin gane shafin, cewa take ki fito da shi daga kanki, kuma ba ki taɓa gwada hakan ba sai a zauren.

Ki karanta, ki rufe, ki ɗauki farar takarda ki zubo abin da ya zauna, ki buɗe ki ga inda kika ɓata. Gobe ki sake, bayan kwana uku ki sake. Za ki ji ya fi wahala, wahalar ce take dasa shi. Sannan ki daina kwana a zaune. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take ƙarfafa abin da aka koya da rana, an san wannan tun gwajin Jenkins da Dallenbach na 1924.

Alaramma Mai Allo: Malam, wannan da ka lissafa ai tsangaya ka siffanta. Kife allo a kawo, tilawa da asuba, komawa baya kullum. Ashe sai 2006 suka gano.

Malam Nura: Allah ya gafarta Malam, su awo suka yi, ku kuma aiki kuka daɗe kuna yi. Sai dai in ƙara da cewa hadda ba ta wuce inda aka horar da ita. Gwanin da ba ya ɓata wasali zai iya manta inda ya ajiye makullin babur. An ga haka ga gwanayen wasan dara na Turawa a binciken Chase da Simon na 1973: idan aka nuna musu allon wasa na gaske na 'yan daƙiƙu sukan mayar da mafi yawan 'ya'yan inda suke, amma idan aka watsa 'ya'yan barkatai fifikonsu a kan ɗan koyo kusan ɓacewa yake.

Alaramma Mai Allo: Maganar makulli kam kada a tambayi uwargida.

Ɗan Kurmi: To ni abin da na sani waya ta kashe mana kai. Da ina da lambobin abokan ciniki fiye da talatin a kaina, yanzu tawa ma sai na yi tunani.

Malam Nura: Kan naka lafiyarsa ƙalau Alhaji, ka daina danna lambobin ne kullum, abin da ba a fito da shi kuma yakan dushe. Abin da mutum yake iya riƙewa a lokaci guda daman ɗan kaɗan ne. George Miller a 1956 ya ce wajen abu 7, masu bincike na baya irin su Nelson Cowan suka ce ya fi kusa da 4. Shi ya sa lambar waya mai alƙaluma 11 ba wanda yake faɗinta a dunƙule, sai an yanka ta gida uku. Amfani kuma yana gina kai: a 2000 Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ta samu ɓangaren baya na wani sashe da ake kira hifokamfas ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin nasa ya fi.

Baban Ilham: Salamu alaikum. Ina ta bin zancen shiru. Malam, kakata ce. Za ta ba ka labarin aurenta da sunan duk wanda ya zo, tana jan surorinta a salla ba gargada, amma ta ci abinci yanzu, bayan minti goma ta ce an hana ta abinci tun safe. Jiya ta tambayi ina mijinta, alhali ya rasu tun ina ƙarami. Wasu a gidan sun fara cewa da gangan take yi, wasu na cewa jifa ne.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Ba da gangan ba ne ɗan'uwa, kuma abin da ka siffanta yana da bayani. Tunawa ba abu guda ba ce. An gane haka ne ta kan wani Ba'amurke, Henry Molaison. A 1953, yana ɗan shekara 27, aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa mafi yawan hifokamfas ta ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara iya ajiye sabon abu ba. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira lafiya, amma ka fita ka dawo sai ka sake gabatar da kanka. Brenda Milner ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuya, kullum hannun yana ƙara gwanancewa, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa yi ba. Haka ya rayu har 2008. Wato wurin da ke ɗaukar sabo daban, inda tsoho ya zauna daban, abin da jiki da harshe suka saba da shi kuma daban. Cutar Alzheimer, wato ciwon mantuwa da ya fi kama tsofaffi, takan fara ne da wannan sashen mai ɗaukar sabo, shi ya sa auren da surorin suna nan, abincin ɗazu ne babu. Amma ni ba likita ba ne, ga Anti nan.

Anti Nas Damagaram: Ɗana, ku kai ta asibiti, kada ku ce tsufa ne kawai. Tsufa yana sa a manta suna a tuno daga baya, ba ya sa a manta an ci abinci. Kuma ba kowace irin wannan mantuwa ce Alzheimer ba. Akwai wadda ƙananan shanyewar jiki ke kawowa ga mai hawan jini ko ciwon sukari, akwai ta ƙarancin sinadarin B12, ta matsalar maƙoƙo, ta baƙin ciki mai tsanani, har da ta wasu magunguna. Wasu daga cikin waɗannan ana maganinsu a samu sauƙi sosai. Idan kuma rikicewar cikin kwana biyu ko uku ta zo, wannan na gaggawa ne, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara.

Abin da na fi roƙonku, ku tsare ta daga bakin mutane. Na ga tsofaffin da aka laƙaba wa maita saboda sun fita da dare sun ɓata hanya ko suna sambatu, alhali ciwo ne. Kada a yi musu da ita. In ta ce ba ta ci ba, a ba ta ɗan wani abu kaɗan. In ta tambayi mijinta, kada a riƙa sanar da ita mutuwarsa kullum, domin kowane karo sabon makoki ne a wurinta; a ce ta ba ku labarinsa, za ta bayar da daɗi.

Baban Ilham: Anti na gode ƙwarai. Tana da hawan jini kuwa, kuma ta daɗe da daina shan maganin. Wane ɓangare za mu nema in mun je?

Anti Nas Damagaram: Ku fara da likitan da ke duba manya, shi zai tura ku wajen na ƙwaƙwalwa in da buƙata. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda, har na gargajiya, kuma wanda ya fi zama da ita shi zai raka ta, don shi za a yi wa yawancin tambayoyin. Kafin ranar ku samu littafi ku riƙa rubuta abin da kuka gani da kwanan wata. In ba haka ba likita zai tambaya yaushe abin ya fara, ku ba shi amsa uku daban-daban.